Numa Mai Lulluɓe Maƙabarta

A garinmu Valcreux sanyi gangarowa yake yi. Da rana ta faɗa bayan dutse sai ya sulalo ta kowane gangare, ya taru a gindin kwarin kamar ruwa a kwano, ya kwana, wani lokaci ma ya wuni. Mutanen da ke da gonaki can sama a kan tudu su fito da 'yar riga suna shan hantsi, mu kuwa nan ƙasa gashin hancinmu na daskarewa. In ka yi musu ƙorafi su ce wa ya aike ka gina gari a cikin rami. Kakanninmu ne suka yi, kuma sun riga sun kwanta a bayan coci inda ba a tambayar kowa.

Wanda ke kula da su a can shi ne Numa Matthey, wanda kowa ke kira Baba Numa tun kafin furfura ta fito masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar an aro masa daga wani ƙato. Tun yana saurayi hukumar gari ta ɗauke shi gyaran hanya, aka haɗa masa da kaɗa ƙararrawar coci, sannan da tsohon mai haƙa kabari ya gaza aka ce ya riƙe kafin a sami wani. Har yau ba a samu ba. Ya auri Zeline, wadda ke goge ƙananan ƙarafan agogo a gida tana aika wa masana'anta, suka zauna a ɗan gidan da ke manne da katangar maƙabarta. Teburin aikinta yana bakin taga saboda haske, tagar kuma kaburbura take kallo. Da mata suka ce mata ita ba ta jin tsoro, sai ta ce maƙwabta ne da ba su taɓa aron gishiri ba.

Aikin Baba Numa mafi nauyi ba ranar jana'iza yake ba, a watan Nuwamba yake. Duk ɗan kwarin nan ya san lissafin. In dusar ƙanƙara ta riga sanyi sauka, ta zama bargo, ƙasa na nan da taushinta a ƙarƙashi duk tsawon hunturu. In kuwa sanyi ya riga ta, sama ta yi garau dare bayan dare, to ƙasa ta ƙulle ke nan har zurfin ƙugun mutum, ka sara diga ta yi tsalle ta dawo maka. Wanda ya rasu a irin wannan lokaci sai dai a sa shi a jirgin ƙasa zuwa birni, a ƙone, a dawo da toka a 'yar tukunya. Wasu ba su damu ba. Tsofaffinmu kuwa sun ƙi jinin abin.

Don haka, da an wuce bikin waliyyi Martin, an yanka aladu an gama cin tsiren jini, sai ka ga Baba Numa da baronsa yana zirga-zirga tsakanin bargar dawaki da maƙabarta. Ya zuba takin doki mai ɗumi a wurin da yake ganin za a bukaci kabari, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, ya danne da rassan itacen daji don kada iska ta kwashe. Ƙasar da aka yi wa haka ba ta daskarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi, kuma wannan ce kusan doguwar maganar da aka taɓa ji a bakinsa game da aikin.

Sai dai a nan kowane gida da gefensa a maƙabarta, miji kusa da mata, ɗa kusa da uwa. Ke nan duk inda Baba Numa ya ajiye ciyawa, ya faɗi sunan gida. Ciyawa kuma ba ta isa a rufe ko'ina, shanu ma jira suke. Wanda ya riga shi a aikin bai damu ba, yakan rufe wurare uku ko huɗu da ya tabbata, mutane su leƙa ta katanga su koma gida jiki a sanyaye. An ce akwai wani tsoho da ya leƙa ya ga gefensa a lulluɓe, ya koma ya kwanta, bai sake neman abinci ba.

Numa bai iya wannan ba. Shi abin da ya ƙirƙiro shi ne ɓad da sawu. Yakan bi gonaki yana roƙon ragowar ciyawa, dami nan dami can, har ya tara ninkin abin da yake bukata. Sai ya rufe na gaskiya, ya kuma rufe na ƙarya: gefen gidan amarya da ango, gefen gidan fasto, gefen wanda jiya-jiya ya ci gasar sarar itace. Mai ciwo ya leƙa ya ga nasa a rufe, ya ga na ƙaton maƙwabcinsa ma a rufe, ya yi tsaki ya ce tsohon nan dai ya fara ruɗewa. Wahalar ta ninka masa, ba wanda ya ƙara masa ko sisi, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce ga dalili ba. Ni a ganina ba a yi mutum mai kunya da tausayi irinsa a kwarin nan ba.

Wanda ya fi shan wannan rufin ƙarya shi ne Leandre mai cuku, abokinsa tun suna makaranta, ƙato mai jan fuska wanda ko mura ba ta san gidansa ba. Duk shekara sai an yi ta a shagon kofi na bakin kasuwa.

"Kai Numa, ɗan nema," in ji Leandre, yana buga tebur. "Bana ma ka sake shimfiɗa mini gado? Me na tare maka a duniyar nan?"

"Ai gani na yi kana ta ƙara faɗi. Gara in tanadi wurin tun ina da ƙarfi."

"Ni zan binne ka, ka ji na faɗa maka. Da hannuna, kuma a karkace zan haƙa don ka ji haushi."

"In ka iya riƙe shebur ba tare da tumbinka ya tare hanya ba, bismilla."

Shago ya ɗauki dariya, har da waɗanda a ransu sun san ciyawar gefensu ba ta wasa ba ce. Suna fita da sauƙin zuciya, abin da Numa yake so ke nan.

Shekarar da nake ba da labari, Zeline ce ta kwanta. Ciwon zuciya ne. Tun damina take haki in ta hau bene, zuwa Oktoba ƙafafu sun kumbura, ta ajiye aikin agogo. Likita ya zo ya duba, ya ba da ƙwayoyi, da Numa ya raka shi bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa ya ce a bar ta ta ci duk abin da ranta yake so. Numa ya shekara arba'in yana jin likitoci na faɗa wa wasu wannan maganar. Ya san ma'anarta sarai.

Gefensu yana can kusurwar arewa, inda rana ba ta kaiwa da hunturu. Kabari ɗaya ne a ciki, ɗan ƙarami, na 'yarsu Odile da ciwon maƙogwaro ya ɗauka tana da shekara huɗu. Ba su sake samun haihuwa ba. Zeline ta sha faɗa, cikin wasa da ba wasa ba, cewa ita kusa da yarinyarta za ta kwanta, da jikinta gaba ɗaya. "Ni ba itacen girki ba ce da za a kai ni birni a cinna mini wuta," in ji ta. Kusurwar nan kuwa daidai saitin tagarta take. Yanzu da ba ta da aiki, a kujerar nan take wuni, bargo a cinya, tana kallon waje.

Bikin Martin ya zo ya wuce. Numa ya tara ciyawarsa kamar kullum, ya rufe na gaskiya, ya rufe na ƙarya, ya rufe na Leandre. Da ya turo baro zuwa kusurwar arewa sai ya ɗaga kai, ya ga farin kan matarsa a bayan gilashi. Ita ba za a ɓad mata da sawu ba. Ta san dabararsa tun ranar da ya fara, ita ce ma ke tuna masa gidan da ya manta. Bai taɓa rufe gefensu ba ko sau ɗaya, ko da wasa. In ya zuba ciyawa a nan, ya gaya mata ke nan cewa ya cire rai. Ya juya baron ya kai ciyawar rumfa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Sai ya koma jiran dusar ƙanƙara. In ta sauka, ta rufe kowa da kowa, ba wanda zai ce Numa ne ya zaɓa. Mutumin da bai taɓa dogara da sa'a ba a aikinsa, ga shi kullum da safe yana tsaye a bakin katanga yana kallon tsagar dutsen yamma, inda hadari ke shigo mana. Babu ko ƙyallin gajimare. Sama shuɗiya tas, rana ta leƙo kwarin ta ɗan jima ta gudu, magariba na yi sanyi ya gangaro. Ciyawar fili ta yi fari ta tsaya ƙiƙam, famfon bakin kasuwa ya yi gemun ƙanƙara. Da tsakar rana yakan kunna rediyo yana shan miya, mai karanta hasashen yanayi ya ce sararin zai ci gaba da zama garau, hazo a kwaruruka, rana a kan tuddai, sanyi zai ƙaru, babu alamar hadari har ƙarshen wata. Numa ya kashe rediyon ya ce mutanen birni me suka sani. Washegari ya sake kunnawa.

Yakan bi ta kusurwar arewa kamar mai wucewa, ya danna diddige a ƙasa. Da farko tana ɗan lotsawa. Daga baya ta daina.

Leandre ne ya tare shi wata safiya a bakin katanga, yana dawowa daga kai madara. Wannan karon ba dariya a fuskarsa.

"Numa, dusar nan ba ta zuwa fa. Gwiwata ba ta yi mini ko motsi ba, ka kuma san gwiwar nan ba ta ƙarya in hadari na tafe."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Amma ina da ido. Ka rufe na kowa ka bar..."

"Je ka juya cukunka, Leandre. Ni ban taɓa shiga ɗakin aikinka na koya maka zuba gishiri ba."

Leandre ya ja kekensa ya wuce. Numa ya ji kunyar abin da ya faɗa, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Tsoro biyu ne ma, kowanne yana jan sa gefe guda. Yana tsoron ta gan shi yana shimfiɗa mata wuri, yana kuma tsoron ranar da za a ɗora ta a jirgi saboda sakacinsa.

Ranar da abin ya fashe, suna cin abincin rana ne, dankali da narkakken cuku, ita tana ta juya cokali ba ta kai baki. Rediyo ya gama faɗar abin da ya saba faɗa. Ta ajiye cokalin.

"Numa, nawa ta ci yanzu?"

"Me?"

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Ƙasar. Ina ganin ka kullum kana taka ta kamar mai gwada kankana. Nawa sanyi ya ci?"

Ya kalli farantinsa. "Zai kai taƙi guda," ya ce a hankali, yana nuna tsawon da yatsunsa.

"To. Ka rufe wa matar fasto da take tsalle kamar akuya, ka rufe wa Leandre, ni da nake zaune nan ina ƙirga numfashi ka bar ni a buɗe. Laifin me na yi maka?"

"Zeline, likita ya ce in kika sha maganin..."

"Likita ya ce a ba ni abin da raina yake so. Ina jin ku, ƙofar ba ta rufu ba. To ga abin da raina yake so." Ta nuna taga da haɓa. "Ka ɗauka kallon me nake yi a nan duk yinin Allah? Kullum na tashi sai in duba ko ka zuba, in ga ba ka zuba ba, gabana ya faɗi. Kai kana can kana tausayina, ni ina nan ba na iya barci."

Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Makonni yana kare ta daga ganin ciyawa, ashe rashin ciyawar ke cin ta. Ya sunkuyar da kai, manyan hannuwan nan a kan tebur ba su san abin da za su yi ba.

"Na makara," ya ce. "In na rufe yanzu, ƙanƙarar zan rufe a ciki. Sai an narkar da ita tukuna."

"To ka narkar."

"Wuta fa ke nan, Zeline. Kowa zai gani."

"Su gani mana. Sata muka yi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tashi, tun rana ba ta gudu ba."

Ya tashi. Ya jera itace a kan wurin, tsawon mutum, gefen ɗan kabarin Odile, ya zuba gawayi, ya kifa tsohon kwanon rufi a kai don zafin ya nutsa ƙasa, ya kunna. A irin wannan yanayi hayaƙi ba ya barin kwarin. Ya miƙe sak kamar sanda har tsayin hasumiyar coci, ya ci karo da iska mai ɗumi da ke sama, ya kwanta, ya bazu a kan rufin gidaje. Kafin la'asar babu gidan da bai shaƙi ƙaurinsa ba. Mata suka fito ƙofa suka bi shi da ido har tushensa, suka ga daga wace kusurwa yake tashi, suka koma ciki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɓoye wa gari hukuncin kowa, ga nasa a rataye a sama kowa na karantawa.

Ba wanda ya zo kallo, wannan kam na yaba wa mutanenmu. Leandre kaɗai ya shigo, ɗauke da buhun gawayi a kafaɗa da gorar kofi a aljihu. Ya sauke buhun, ya tsiyaya kofin a murfi ya miƙa.

"Wutar nan ta yi maka kaɗan," in ji shi. "Ko narka man shanu ba za ta yi ba."

"Ka zo koya mini ne?"

"Na zo jin ɗumi ne. Gidana sanyi."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna ƙara gawayi. Aka kwana wuta na ci, aka wuni. Da garwashi ya mutu Numa ya ɗaga kwanon, ya soka ƙarfe ya ji ya shige, nan da nan ya zuba taki tun ƙasar na tururi, ya bi da ciyawa, duk wadda ya ajiye a rumfa da wadda Leandre ya ƙaro. Yana cikin danne rassa ya ji ƙwanƙwasa. Zeline ce take buga gilashi da zobenta, tana nuna masa gefen hagu wajen ƙafa, inda ciyawar ta yi sirara. Ya ƙara. Ta sake nuna wani wuri. Ya ƙara nan ma. Sai ta gyaɗa kai, ta ja bargonta.

Da ya shigo gida, fuska duk baƙin gawayi, ya tarar ta ci rabin farantin miyar da ya bar mata.

"Kullum sai an tsaya a kanka," ta ce. "Wanke hannu ka yanko mini burodi."

Dusar ƙanƙara ba ta zo ba sai bayan Kirsimeti, ita ma 'yar kaɗan, kamar an barbaɗa gari. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin ƙasa ta ƙulle irin na wannan shekara ba, har bututun ruwa da ke can ƙasa sai da suka fashe. Zeline kuwa ta sami sauƙin da ya ba likita mamaki. Ciwon bai tafi ba, amma tana barci, tana cin abinci, tana yi wa mijinta tsiya a kan yadda yake dafa dankali. Ta ga sabuwar shekara. A ƙarshen Janairu, wata safiya da sanyi ya kai inda tsuntsu ba ya tashi, ya kawo mata kofi ya tarar ta riga ta tafi.

A al'adarmu mai haƙa kabari ba ya haƙa na gidansa. Aka aika ƙauyen da ke bayan dutse, nasu mai haƙan ya zo da diga biyu da gudumar fasa dutse, yana girgiza kai tun daga ƙofa, don a garinsu sun riga sun tura mutum biyu birni. Numa ya ce a bar shi ya buɗe wurin da kansa. Ya janye rassan da suka daskare, ya yaye ciyawa, ya ture taki. Ƙasar ta fito baƙa, da danshinta. Ya karɓi shebur ya ɗora ƙafa, ya shige har wuya ba tare da gardama ba.

Ya durƙusa ya damƙo ta a hannu, ta murmushe tsakanin yatsunsa.

"Ajiye digar," ya ce wa baƙon. "Ban makara ba."

Ya miƙa masa shebur ɗin, ya koma ya zauna a bakin baro, sannan ya yi kukan da yake riƙe da shi tun Nuwamba.